Dabbobin Baba Makiyayi da Zaren Goggo

Goggo yayar mahaifina ce. A unguwarsu Goggo mai allura ake ce mata, mijinta kuwa Baba Makiyayi, ko da yake bai taɓa mallakar ko akuya ba. Tsutsar siliki yake kiwo. Ita Goggon ce ta laƙaba masa sunan tun suna da ƙuruciya, don tsokana, sunan ya bi shi har tsufa. Shi ma bai ƙi ba. In ka tambaye shi mutanen gida, sai ya ce, "Dabbobi sun ci sun ƙoshi. Mutane kuma suna nan." Yawancin abin da zan faɗa daga bakin Goggo na ji shi, a ranakun da nake zuwa gaishe su, tana ɗinki tana ba ni labari ba tare da ta ɗago kai ba.

Gidansu ɗaki biyu ne da 'yar rumfa, a ƙarshen wani lungu bayan garejin masu gyaran mota. Ɗaki ɗaya na kwana, a bakin ƙofarsa Goggo ke zama da allurarta saboda haske. Ɗayan na tsutsa ne. Baba ya kafa kantoci na katako hawa-hawa, ya tsoma ƙafafunsu cikin gwangwanayen ruwa don kada tururuwa ta hau, ya rufe taga da raga saboda ƙuda da ƙadangare. In zafi ya yi yawa sai ya jiƙa buhuna ya rataya. Ba a shiga ɗakin da turare a jiki, ba a kunna maganin sauro ko a tsakar gida. Goggo kuwa da ma ba shiga take ba.

"Ni abin da ba shi da ƙashi ba ya burge ni," in ji ta. "'Ya'yan cikinsa ma ba su ga gatan da tsutsar nan ta gani ba."

Asalin abin, Baba yana saurayi ya yi leburanci a wata gonar gwaji a bayan gari. Aka kawo ƙwan tsutsa daga wata ƙasa mai nisa, irin wadda ke cin ganyen zurma, aka ce za a koya wa manoma kiwonta. Ba a daɗe ba abin ya watse, manyan suka kama gabansu, aka ce leburori su share ɗakin. Baba ya ga ƙwan ya fara sauya launi, yana dab da ƙyanƙyashewa, sai ya kankare kaɗan cikin kwalin ashana ya sa a aljihu. Zurma kuwa ba a sayenta, tana nan a bakin bola da tsofaffin filaye. Da wannan kwalin ashanar ya fara.

Abin da bai yi tunani a kai ba a ranar shi ne, wannan tsutsar ba ta san hutu ba. Ƙwanta ba ya ajiyuwa kamar irin hatsi. Mako ɗaya da 'yan kwanaki zai ƙyanƙyashe, ko kana da ganye ko ba ka da shi. Tsutsa ta yi ta ci har ta kai kaurin yatsa, ta saƙa wa kanta farin kwanso ta shige ta kwanta, ta fito da fiffike kamar malam-buɗe-littafi, a yi barbara, a zuba ƙwai, a koma farko. In aka tsallake zagaye ɗaya, shi ke nan. Kuma duk faɗin garin da kewayensa ba wanda ke da irin sai shi. Shekara kusan arba'in bai bar shi ya yanke ba. Da 'yarsu da ke aure a nesa ta haihu, Goggo kaɗai ta je. Da yayansa ya rasu a wani gari, ya je ya kwana ɗaya ya juyo, har yau akwai dangin da ba su yafe masa ba.

Aikin gidan rabe yake gida biyu, kuma kowa ya san iyakarsa. In kwanso ya nuna, Baba zai shiga ɗaki ya turo ƙofa, ya ware na iri shi kaɗai, sannan ya fito da sauran cikin kwando ya dire a gaban Goggo.

"Alƙaliya, ga masu laifi na kawo miki."

Alƙaliya yake ce mata saboda ba abin da ke wucewa ta hannunta ba ta yanke masa hukunci ba. Kwanson yana da 'yar kafa a gefe ɗaya. Ta nan take buɗawa ta zazzage abin da ke kwance a ciki, a kai wa kajin maƙwabciya, don in aka bar shi ya fito da kansa yana ɓata silikin da wani jan ruwa da ba ya wankuwa. Sai ta ware kashi uku: fari tas mai kauri, matsakaici, da mai tabo. Ta dafa kowane kashi daban cikin ruwan toka da sabulu har ya yi laushi, ta shanya, ta tsefe, ta kaɗa da mazari. Na farko shi ke zama siririn zare na wuyan riga. Na biyu na bakin mayafi da matashin kai. Na ukun, mai kaushi, ba ta bari ya kusanci kayan mutane.

Zaren nan ba ya sheƙi. Launinsa kamar madara, yana da taushi da ɗumi, kuma yana ƙara kyau ne da wanki. Kafin ta sa shi a allura sai ta ɗaga shi a hasken safiya, ta ja shi tsakanin farce da yatsa tana neman ƙulli, ta ɗora a kan yadin ta karkata kai ta duba. Wani lokaci ta zare tsawon kamu guda ta yar, alhali ni ban ga aibinsa ba.

Akwai wani tela da ya daɗe yana kawo mata aiki. Ran nan ya zo da riga da ƙunshin zaren kasuwa mai walƙiya.

"Goggo, wannan ake yayi yanzu. Ki ga yadda yake ɗaukar ido."

Ta tsinki kaɗan, ta jiƙa da miyau, ta goga a farin ƙyalle. Ƙyallen ya yi shuɗi-shuɗi.

"Wanki biyu zai rina maka rigar kyauta."

"To naki ai kamar wanda bai sha mai ba, Goggo. Mai rigar nan biki zai je, ba asibiti ba."

"Sai ka kai wa mai inji."

Ya kuwa kai. Haka aka yi ta raguwa. Masu kawo mata aiki suka koma 'yan tsiraru, tsofaffi irinta waɗanda hannunsu ya san bambanci. Ta ɓangaren Baba ma abin ba daɗi. Filayen da zurma ke fitowa aka yi ta zagaye su da bulo ɗaya bayan ɗaya. Da can yana leƙa bayan gida ya cika buhu, yanzu sai ya wuce gadar jirgi kafin ya samu, ga hawan jini. Babban ɗansu, direban babbar mota ne, ya sha yi masa magana.

"Baba, abin da tsutsar nan ke kawowa ko kuɗin maganinka bai kai ba. Ka huta mana."

"In na huta su ci me?"

"Su ci kansu."

"Kin ji shi," Baba ya ce da Goggo. "Shi da wandon makarantarsa daga bakinsu ya fito."

Wata safiya da zafi, masu gareji suka ga rana ta ɗaga Baba bai dawo da buhunsa ba. Suka bi sawu suka tarar da shi kwance a cikin zurma, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, harshe ya ƙi motsi. Aka kai shi asibiti. Ido kawai yake bin mutane da shi.

A lokacin tsutsa ta riga ta gama saƙa, duk ta shige kwanso, don haka ba a bukatar ganye sosai. Goggo ta tare a gefen gadonsa, ba ta tuna da ɗakin ba sai ranar da ta koma gida ta yi wanka ta ɗauko kaya. Ta tura ƙofar. Ta ɗauki kwanso ɗaya ta girgiza a kunne yadda take ganin yana yi, ta ji abin ciki yana ƙwaƙwas. Ya nuna. In ba a ware iri aka zazzage sauran ba, duka za su fito su ɓata silikin.

Ba ta taɓa ganin yadda yake warewa ba, amma ta sha hango faifan irinsa in ƙofa ta buɗe, kuma abu ɗaya ya daɗe yana ranta. Kullum akwai ƙanana a ciki, 'yan fiƙi-fiƙi marasa nauyi, waɗanda ita ko a kashi na biyu ba za ta sa ba.

"Ni a zatona," ta ce da ni, "haƙuri yake da marasa kyau don ya bar mini masu kyan. Ban taɓa yi masa godiya ba, shi ma bai taɓa goranta mini ba. To ran nan na ce, bawan Allahn nan yana kwance, bari ni ma in yi masa abin kirki sau ɗaya."

Ta baje tabarma a bakin ƙofa ta zazzage kwandon gaba ɗaya. Ta bi su ɗaya-ɗaya, ta auna a tafin hannu, ta latsa da babban yatsa, ta ɗaga a haske. Cikin ɗaruruwa ta fitar da waɗanda suka fi kowanne girma da nauyi, ta sake bin waɗannan ta rage, har suka koma cikin tafin hannu biyu. Waɗanda da su ne za su zama wuyan rigar da ta fi kowace, su ta jera masa a faifan iri. Sauran ta buɗe ta zazzage kafin la'asar. Kajin maƙwabciya suka ci har suka bari.

Ta koma asibiti da farin cikinta. Ta zauna ta gyara masa matashi.

"Makiyayi, kwantar da hankalinka, na ware maka iri. Manya-manya, masu nauyi kamar dutse. Ko ƙarami ɗaya ban bari ya shiga ba. Sauran har na zazzage."

Hannunsa mai lafiya ya damƙi zanen gado. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, ya yi ta ƙoƙarin ɗago kai, hawaye ya gangaro ta gefen ido ɗaya. Ta share masa da bakin mayafi.

"Haba, mene ne abin kuka? Ai yi wa kai ne."

Ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce jininsa ya hau, a bar shi ya huta.

Bayan mako guda da wani abu na cikin kwanson iri suka fara fitowa. Goggo na zuwa gida kowace safiya ta duba. Suka fito kyawawa, fuka-fuki masu faɗi, ciki dam, suka hau karan da Baba ke jingina musu suka rataya. Ta ji daɗi ranar farko. Rana ta biyu ta tsaya a tsakar gida tana shanya, sai ta lura da abin da ba ta ji ba. A duk zagayen da ya wuce, in sun fito, ana jin wata ƙara ta bayan bango kamar ana kaɗa takardu da yawa lokaci ɗaya, har takan ce masa ya gaya wa dabbobinsa mutane na son barcin rana. Wannan karon ɗakin tsit. Ta shiga ta duba. Kowace na rataye a inda ta hau, ba mai karkaɗa fiffike, ba wadda ta manne da wata.

Ta tuna da wani tsoho da suka yi leburanci tare da Baba, wanda ya taɓa karɓar ƙwai a wurinsa shekarun baya. Ta sa ɗaya cikin kwali mai huji, ta shiga mota biyu, ta yi ta tambaya har ta same shi yana gadin wani sito. Ya buɗe kwalin ya duba.

"Mace ce wannan. Sauran duk haka cikinsu yake?"

"Duk haka."

"Wa ya ware irin?"

"Ni."

Ya rufe kwalin a hankali. "Hajiya, mace ta fi nauyi tun tana cikin kwanso, ƙwai ne a cikinta. Mazan su ne ƙananan. Rabi da rabi ake ɗiba. Ina sauran?"

"Kaji sun cinye."

Ya miƙa mata kwalin. Ta karɓa ta dube shi.

"Naka fa? Ko namiji ɗaya ne ka ara mini, in dawo maka da shi."

"Nawa? Ai ko shekara ban yi ba na gaji. Mijinki ne kaɗai mai wannan zuciyar."

Ta tambaye shi ina ake samu. Ya ce ƙila a can ƙasar da aka kawo su. Ta tambaye shi kwana nawa suke jira. Ya ce ba sa cin komai, ba su ma da bakin ci, in sun daɗe su yi mako.

Ta kira ɗanta a waya yana kan hanya, ta ce ya tambaya duk garin da ya tsaya. Ya tambaya, aka yi ta yi masa dariya. Ta dawo gida ta sauke faifai duka, ta laluba bayan kantoci da tsinken tsintsiya ko wani kwanso ya faɗa lungu. Ta samu guda ɗaya, tsoho, ya yi ƙura, babu komai a ciki. Har gidan maƙwabciya ta shiga ta tsaya tana kallon inda aka zuba wa kaji, ita kanta ba ta san me take nema ba.

Matan suka gaji da jira suka fara zuba ƙwai haka nan, a jikin kara, fari-fari kamar ƙwayar gero. Sannan suka yi ta faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya gaya mata irin wannan ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa, amma duk da haka ta kankare shi a kan tsumma mai laima. Kuma kowace safiya, ita da ba ta taɓa tsinkar zurma ba, sai ta wuce gadar jirgi ta tsinko ɗanyen toho ta ajiye kusa da ƙwan, ko da Allah zai yi ikonsa. Da yamma ta kwashe shi ya yi yaushi. A asibiti ba ta ƙara ta da maganar ba, shi ma in ta shigo sai ya juya ido wajen bango.

Da aka sallame shi, magana ta ɗan dawo, da nauyi, kalma ɗaya-ɗaya. Ɗansa ya goyo shi daga bakin lungu. Za a wuce da shi ɗakin kwana ya daki kafaɗar yaron da hannun hagu, ya nuna ɗayar ƙofar. Aka kawo kujera aka zaunar da shi a tsakiyar kantocin. Goggo ta miƙa masa tsumman. Ƙwan ya yi rawaya, kowanne ya lotsa a tsakiya. Ya latsa ɗaya da farce, ya murje kamar ƙaiƙayi.

Ɗan ya fita ya ba su wuri.

"Makiyayi," ta ce, "na kashe maka dabbobi."

Ya daɗe yana tattara magana. "Me ya hana... ki tambaya?"

"Da wane bakin za ka amsa mini?"

"Ba yanzu ba. Da can."

"Kai me ya hana ka faɗa? Shekara arba'in kana turo mini ƙofa a fuska."

"Na ɗauka... ba kya so."

"Ba na so ɗin. Amma da ka faɗa da na ji." Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. "Ni ina ganin ƙananan nan a faifanka, na zaci bar mini masu kyau kake yi."

Ɓarin bakinsa mai rai ya motsa, wani abu ya fito tsakanin tari da dariya. "Ni? Maza ne... kawai."

"To ai da ka bar ni da zatona."

Ya miƙa mata tsumman. "Zubar."

"A ƙara musu kwana biyu."

"Ba sa zuwa, Alƙaliya."

Ta ƙara musu kwana biyun duk da haka, har da na uku, sannan ta kakkaɓe tsumman a gindin bango ta wanke shi.

Yanzu an kwance kantocin, an sa masa gado a ɗakin saboda ya fi sanyi kuma ba shi da tudu a ƙofa. Katakon kuwa masu gareji suka karɓa suka yi benci. Goggo na ɗan taɓa ɗinki da zaren auduga na kanti in an kawo, ba kullum ba. Silikin zagayen ƙarshe ta dafa shi ta kaɗa. Tsoffin masu kawo mata aiki biyu sun zo nema, ta ce babu.

Hannunsa na dama kullum sanyi ƙalau yake, ko da rana tsaka. Zuwan da na yi na baya-bayan nan na tarar ta saƙa masa safar hannu da siririn zaren nan na wuyan riga, ninki huɗu, tana cusa masa yatsun ciki ɗaya-ɗaya, shi kuma yana kallon rufin ɗaki.

"Tana... ƙaiƙayi," ya ce.

"A hannun da ba ya ji?"

"Shi ɗin."

Ta ja bakin safar ta rufe masa wuyan hannu, ta ɗora hannun a kan cinyarsa.

"To ka yi haƙuri da ita. Babu wata."